Yadda ake gyara rediyo, rimot ko tocila idan batir ya zube a ciki

Rediyo ta ƙi kamawa, an buɗe murfin baya, sai ga farin gari ya daskare a bakin batir da kan ƙarfen da yake taɓawa. Da yawa daga nan suke cewa kaya ya mutu, a jefar. Galibi bai mutu ba. Garin nan ne ya shiga tsakanin batir da ƙarfe ya hana wuta wucewa, kuma da abin da ke kicin ana iya cire shi. Sai dai kafin ka taɓa komai, ka san irin batirin da ya zube, domin kowanne da maganinsa.

Duba rubutun jikinsa. In ka ga Alkaline, ko lamba mai farawa da LR kamar LR6 ko LR03, ruwan cikinsa fotasiyam haidiroksaid ne, mai cin fata irin sodar da ake haɗa sabulu da ita. Idan ya fito ya haɗu da iska sai ya bushe ya zama farin garin nan. Tsami ne ke kashe kaifinsa: ruwan khal ko ruwan lemun tsami. In kuwa lambar R6, R03 ko R20 ce babu L a gaba, wato masu arahar nan da aka fi sa wa rediyo da tocila, lamarin ya juya. Kwanon jikinsu na zinki ne, shi yake cinyewa yayin da batir ke aiki har ya huje, kuma abin da ke fitowa da ma yana da tsami. Ƙara masa lemu ƙara ɓarna ne. Nasa maganin shi ne bekin soda, wato ta girki, ba ta haɗa sabulu ba, ƙaramin cokali ɗaya a kwaɓa da ɗan ruwa. Wannan bambancin shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi aka fi tsallakewa.

To, ka kashe na'urar, ka zare ta daga wuta in tana da waya. Shimfiɗa tsohuwar jarida, ka sa safar hannu, in babu ka ɗaura leda. Cire batiran duka, har da waɗanda ba su zube ba, ka ƙulle su a leda. In wani ya liƙe, ɗaga shi da tsinke ko abin roba, kada ka sa wuƙa. Juya na'urar bakinta ya kalli ƙasa, ka karkaɗe busasshen garin da tsohon burushin haƙori. Kada ka hura da baki, ido yake komawa. Idan ya shiga ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti.

Yanzu ɗauki audugar goge kunne, ka tsoma bakinta kaɗan a cikin maganin da ya dace, ka ɗiɗɗiga a kan wurin. Jiƙawa ake so, ba zubawa ba, don duk ɗigon da ya gangara kan allon haɗin wayoyi da ke cikin na'urar wata matsalar ce. Za ka iya ganin ƙananan kumfa na tashi, alamar yana aiki ke nan. Ba shi minti ɗaya ko biyu, ka goge, ka canza auduga, ka sake, har farin ya tafi. Wayar nan mai naɗi da ke tokare gindin batir ita ta fi riƙe datti, kuma in ta ci tsatsa saurin karyewa gare ta, don haka a bi ta a hankali.

Bayan haka sai ka bi wurin da sabuwar auduga da aka jiƙa da sifirit na kemis, ya kwashe ragowar tsami ko soda. In ƙarfen ya dushe ko ya yi kore, goga shi da abin goge fensir ko samfefa mai laushi har ya yi ƙyalli. Bar murfin a buɗe a inuwa wasu awanni, kwana ɗaya ma ya fi, kafin ka sa sababbin batira iri ɗaya. Haɗa tsoho da sabo yana cikin abin da ke jawo zubar tun farko, haka ma zafi da barin mataccen batir a ciki watanni.

Idan har yanzu ba ta kama ba, wataƙila ruwan ya ci waya ko ya kai ga allo, sai a kai wa mai gyara. Batirin wayar salula kuwa, mai litiyam, in ya kumbura ko ya tsage, ba a wanke shi. Daina cajin sa, kada a matsa shi ko a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta. Tsofaffin batiran da ka ƙulle a leda ma kada su je murhu ko bolar da ake ƙonawa, kuma a ajiye su inda hannun yara ba zai kai ba.