Yadda ake auna saurin haɗuwar oksijin mai ƙarin kuzari da haidurojin a sanyin kelbin 50

Duk wanda ya zo koyon wannan aiki a wurina, abin da nake fara faɗa masa shi ne ya cire batun firji daga ransa. Idan ka sanyaya bangon mazubi zuwa kelbin 50, wato kusan digiri 223 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, gas ɗin ozon da za ka samo oksijin daga gare shi daskarewa zai yi ya manne a bango, ka rasa abin aunawa. Mafita ita ce dabarar CRESU, wadda Bertrand Rowe da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Faransa a shekarun 1980. Ana tura gas ta bututun Laval mai tsukakken wuya da buɗaɗɗen baki, ya fito da gudun da ya wuce na sauti. Zafinsa ne ke komawa gudu, sai ya yi sanyi ba tare da ya taɓa bango ba.

Kafin ka kunna leza, ɗauki bututun Pitot ka bi kwararar gas ɗin daki-daki, kana rubuta matsin iska a kowane wuri. Daga nan za ka fitar da sanyi da yawan ƙwayoyin gas ɗin, ka kuma ga inda kwararar ta daina tafiya bai ɗaya. Kada ka raina wannan mataki. Na taɓa shafe mako guda ina zargin leza saboda layin zanen sakamakona ya ƙi miƙewa, ashe ina ɗaukar awo ne a inda kwararar ta riga ta wargaje. Lokacin awon da kake da shi kafin kwararar ta wargaje kaf bai wuce 'yan ɗaruruwan maikirosakan ba.

Sai zaɓen gas mai ɗauko kayan. Oksijin da muke aunawa, wato O(¹D), ya ɗara na yau da kullum kuzari da kusan ilektronbolt 1.97 (ma'aunin kuzarin atom), kuma shi ne ke ba da jan haske mai tsawon zango nanomita 630 da ake gani a sararin sama can kusa da ƙuryar arewa da ta kudancin duniya. Idan aka bar shi shi kaɗai yakan kai kusan minti biyu, amma karo da naitrojin na kwantar da shi nan take. Don haka ni argon ko hiliyam nake so.

Ka zuba ozon kaɗan a cikin kwararar, ka harba masa leza mai nanomita 266 a tsawon tsakiyarta. Kusan kashi 90 cikin 100 na ozon da ya fashe O(¹D) yake bayarwa. Haidurojin da za ka zuba kuwa ya rinjayi O(¹D) nesa ba kusa ba, ta yadda yawan haidurojin ba zai ragu ba, amma kada ya yi yawan da zai ɓata kwararar da ka sha wahalar aunawa. Leza ta biyu, mai kusan nanomita 115, ita ke sa oksijin ɗin ya yi ƙyalli. Kana ƙara tazara tsakanin harbin farko da na biyu, kana ganin ƙyallin yana dusashewa yayin da O(¹D) yake ƙarewa.

Maimaita da haidurojin mai yawa daban-daban, har da zagaye ɗaya babu shi sam. Ka zana saurin dusashewa a kan yawan haidurojin: gangaren layin shi ne amsarka, inda ya yanki sandar tsaye kuma shi ne abin da argon da ozon suka ci.

A zafin ɗaki, kelbin 296, ya kamata ka sami kusan 1.1 × 10⁻¹⁰ cm³ a sakan ga kowace ƙwaya. Abin da har yau yake burge ni shi ne, a kelbin 50 ma kusan haka za ka gani. Oksijin ɗin kutsawa yake tsakanin atom biyu na haidurojin, babu wani shinge, a sami ƙwayar ruwa mai tsananin kuzari na ɗan ƙiftawa, sannan ta rabu zuwa OH da H. Idan ka ga adadinka ya faɗi warwas da sanyi, kada ka yi saurin murna. Koma kan Pitot ka sake bin kwararar tun daga bakin bututu.