Yadda ake juya makin digiri in za ka nemi mastas a ƙasar waje

Abu na farko dai, ka ajiye kalkuletar nan tukuna. Mutane da yawa da sun ga jami'ar Amurka ta rubuta tana son GPA, wato matsakaicin maki, 3.0 cikin 4.0 sai su ɗauki CGPA ɗinsu na 5.0 su raba da biyar su ninka da huɗu, wanda ya fita da 3.6 sai ya ga 2.88, shikenan jikinsa ya yi sanyi ya fasa cika fom, alhali a tsarin Najeriya 3.6 ɗin nan 2:1 ce, wato Second Class Upper, tunda daga 3.50 take farawa har 4.49. Haka wanda ya yi karatu a tsarin Faransa da ake ba da maki bisa 20, in ya ci 14 ai ya yi ƙoƙari sosai don malamansu ba kasafai suke ba da 18 ba, amma da wancan lissafin 2.8 zai samu. Ma'aunan ne ba ɗaya ba, don haka ba a yi musu awo da mudu ɗaya.

Toh ya ake yi? Ka fara shiga shafin kwas ɗin da kake nema ka karanta abin da suka ce, domin kowace makaranta da nata tsarin. Wasu ma ƙarara suke cewa kar ka juya komai, ka rubuta makinka yadda yake a takarda, 3.6 cikin 5.0, su za su yi lissafinsu. In ka ga haka wallahi ka bi kawai, kar ka ce za ka yi musu wayo.

A Amurka da Kanada wasu jami'o'in za su tura ka wajen kamfanonin tantance takardu, sanannu su ne WES da ECE, kuma yawanci a Amurka ana son wanda yake cikin NACES, ƙungiyar irin waɗannan kamfanonin. Tantancewar iri biyu ce, akwai wadda kawai za ta ce digirinka daidai yake da digirin farko na can, akwai kuma ta kwas bayan kwas, ita ce mai fitar da GPA kuma ita masu mastas suka fi buƙata, ka kula kar ka biya kuɗin ta farkon ka dawo kana cizon yatsa. Yadda suke yi, kowane kwas za su mayar da makinsa harafin Amurka, A maki 4, B 3, C 2, D 1, su ninka da yunit ɗinsa, su tara, su raba da jimillar yunit. Misali A a kwas mai yunit 3 ya ba da 12, C a mai yunit 2 ya ba da 4, 16 ke nan a raba da 5, ka samu 3.2. Ka ga kwas mai yunit da yawa shi yake jan ragamar.

Ingila kam da sauƙi, ajin digiri suke kallo, yawanci 2:1 ko 2:2, kuma jami'o'insu da yawa suna da shafi na kowace ƙasa da ke faɗin makin da suke ɗauka daidai da 2:1. In an nemi takardar daidaito, hukumar tantance takardun karatun waje ta UK ENIC ke bayarwa, wadda a da ake kira UK NARIC kafin 2021.

Jamus ce ke rikita mutane, don su abin a juye yake, 1.0 ne mafi kyau, 4.0 kuma da ƙyar aka tsallake. Suna amfani da lissafin da ake kira na Bavariya: ka cire makinka daga mafi girman maki, ka raba da tazarar da ke tsakanin mafi girman maki da mafi ƙarancin makin ci, ka ninka da 3, ka ƙara 1. Mai 4.0 cikin 5.0, in makin ci 1.0 ne, 1.75 zai samu, amma in aka ɗauki 1.5 a matsayin makin ci sai ya koma kusan 1.86, ka ga lamba ɗaya ta canza sakamako. Shi ya sa naka lissafin na gwaji ne kawai, na uni-assist, cibiyar da ke tantance wa jami'o'in Jamus da yawa takardun ɗaliban waje, ko na jami'ar shi ne abin kamawa. Ka kuma duba ko jami'arka tana cikin anabin, rumbun bayanan Jamus kan makarantun ƙasashen waje, da alamar H+ mai nuna an amince da ita.

Duk inda za ka nema, tiranskirif ɗinka ya zo da bayanin tsarin maki, wanda galibi ake bugawa a bayansa, in babu ka roƙi ofishin rajista su haɗa maka wasiƙa. In ba da Turanci yake ba, to sai an yi fassara mai hatimi. Kamfanonin tantancewa kuma yawanci ba sa karɓa daga hannunka, jami'arka ce za ta aika kai tsaye, a ambulan mai hatimi ko ta intanet, kuma nan ne ake cin lokaci, don haka ka nema tun watanni kafin a rufe fom, sannan ka tabbata sunan da ke jiki ya yi daidai da na fasfo ɗinka harafi da harafi.