Yadda na raba Duna da tsoron babur

Duna kare ne da na ɗauko don gadin gonarmu da ke bayan Kwannawa, kusa da birnin Sakkwato. Yana kwikwiyo ya sha jifa a hannun yara, shi ya sa da ya ji ƙarar babur ɗin kabu-kabu ko ya hango yaro sai haushi da zabura. Da sanda na fara, kamar kowa. Sanda ta hana shi gurnani, amma tsoron na nan, sai ya koma kai cizo ba gargaɗi. Ranar da ya yaga wa ƙanena wando na jefar da ita.

Abu na farko shi ne tazara. Nemo inda karenka zai hango abin da yake tsoro ba tare da ya birkice ba. Mu sai da muka ja baya kamar taku 40 daga bakin titi. Gane wurin ba wuya: miƙa masa nama. In ya ci, kun tsaya daidai. In ya kau da kai, yana lasar hanci, yana hamma, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, to kun matsa da yawa, ku koma baya. Karen da ya ƙi hanta ba ƙoshi ya yi ba.

Sai tsarin ba da naman, nan ne mutane ke kuskure. Babur ya fara bayyana, kare ya gan shi, sannan nama ya biyo baya nan take. Babur ya wuce, hannu ya koma aljihu. Kada ka riga babur fito da nama, in ba haka ba naman ne zai zama alamar masifa na tafe. Abin da ake so kare ya haɗa a ransa shi ne: babur ya zo, daɗi ya zo. Ran da Duna ya ji ƙara ya waiwayo yana kallon hannuna, na san an kama hanya.

Hanta nake dafawa da ruwa zalla, in yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Ban da tsire, ban da kilishi. Mu Sakkwatawa komai sai mun zuba albasa, ita kuwa tana lalata jinin kare.

Minti 5 ya isa, bayan asuba ko dab da magariba, don a watan Afrilu ƙasa ƙona masa tafin ƙafa take yi. Duk bayan 'yan kwanaki ka rage taku biyu ko uku. Igiya ta zama sako-sako, kada ka fizga.

In kare mai sanyin hali ne ya canza dare ɗaya, ciwo ake fara zargi. Kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a duba shi, a kuma yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Yanzu babur na wucewa ta gaban Duna yana kwance. Yara dai har yau bai yarda da su ba, in za su shigo gona ɗaure shi nake yi a inuwar dogonyaro.