Yadda Ake Harhaɗa Laburaren FLTK a Linux Har Taga ta Farko ta Buɗe

Duk wanda ya koyi C++ ya san watannin nan na farko da yake ta kallon baƙin allo, yana rubuta lissafi, kwamfuta tana mayar masa da amsa a layi ɗaya. Ranar da ya so manhajarsa ta sami taga da maɓalli da wurin rubutu irin wanda mutane suka saba gani, sai ya tarar harshen C++ bai zo da wannan ba. Sai an nemo laburare daga waje, an harhaɗa shi, an ɗaure shi da manhajar. A nan ne na ga ɗalibai da yawa suna karaya, ba don kansu bai ja ba, sai don laburaren da aka nuna musu ya fi ƙarfin laftof ɗinsu da datarsu.

Shi ya sa nake fara wa mai koyo da FLTK. Bill Spitzak ne ya faro shi, aka yi aiki da shi a kamfanin Digital Domain da ke Amurka, masu haɗa dabarun hoto a finafinai, sannan aka sake shi ga kowa a 1998. Ƙarami ne, ba shi da nauyi. Da shi aka gina burauzar Dillo da manhajar TigerVNC ta leƙa wata kwamfuta daga nesa, kuma tagogin Tiny Core Linux a kansa suke tsaye. Harhaɗa Qt, wani babban laburaren yin taga, daga tushe zai iya cinye maka wuni a tsohuwar na'ura, FLTK kuwa kafin shayinka ya huce ya gama. Bayanin da ke tafe na Ubuntu ne da Debian da danginsu irin su Linux Mint.

Wani zai ce ai akwai shi a shirye, me ya kawo wahala? Gaskiya ne, `sudo apt install libfltk1.3-dev` zai ba ka shi nan take. Amma wanda Ubuntu 22.04 da 24.04 suke bayarwa na jerin 1.3 ne, alhali 1.4 ya fito tun Nuwambar 2024, kuma shi ne ya san yadda zai daidaita girman rubutu a kan allo mai ƙananan ɗigogi. Ban da wannan ma, wanda ya taɓa harhaɗa laburare ɗaya da hannunsa ya daina tsoron sauran.

Tara kayan aiki

Buɗe taminal ka rubuta:

```
sudo apt update
sudo apt install build-essential cmake git
sudo apt install libx11-dev libxext-dev libxft-dev libxcursor-dev libxinerama-dev libxfixes-dev libglu1-mesa-dev libpango1.0-dev
```

Layi na biyu shi ke kawo g++, wato mai harhaɗa C++, da make da CMake da git. Na uku shi ne wanda ake yawan tsallakewa, daga baya a yi ta kuka. Lura da cewa kowane suna ya ƙare da `-dev`. Kwamfutarka tana da laburaren X11, wato tsarin zana tagogi a allo, tun ranar da aka ɗora mata Linux. Abin da ba ta da shi shi ne fayilolin kai, waɗanda suke gaya wa g++ sunan kowane aiki da ke cikin laburaren da irin abin da yake karɓa. Su ne ke cikin kunshin `-dev`. Xft kuma shi ke sa haruffa su fito sumul. In babu shi za ka ga rubutu mai kaushi kamar na kwamfutocin da.

Duba CMake ɗinka da `cmake --version`. FLTK 1.4 yana son 3.15 ko sama da haka.

Sauke tushen

```
mkdir -p ~/gini
cd ~/gini
git clone --depth 1 --branch branch-1.4 https://github.com/fltk/fltk.git
cd fltk
```

Wannan `--depth 1` ɗin saboda data na sa shi. In ka bar shi, git zai jawo maka tarihin gyare-gyaren sama da shekara ashirin, alhali kai halin yau kaɗai kake buƙata. Idan ku da yawa ne a aji ko a shago, mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa foldar a filashi. Daga nan har ƙarshen aikin ba a sake buƙatar intanet, sai in wani kunshi ya ɓace.

Shirya ginin da CMake

Nan ne ya kamata a natsu, domin duk abin da zai lalace daga baya a nan ake shuka shi.

```
cmake -S . -B build \
  -D CMAKE_BUILD_TYPE=Release \
  -D CMAKE_INSTALL_PREFIX=$HOME/fltk \
  -D FLTK_BUILD_TEST=OFF \
  -D FLTK_BACKEND_WAYLAND=OFF \
  -D FLTK_USE_PANGO=ON
```

CMake ba ya harhaɗa komai. Aikinsa kamar na magini ne da ya zo duba fili kafin a zuba tubali: ya leƙa ya ga wane g++ ke nan, waɗanne laburarori ake da su, sannan ya rubuta tsarin da make zai bi. `-S .` na nufin tushen yana nan inda kake tsaye, `-B build` kuma na nufin duk tarkacen gini a zuba shi a wata folda daban mai suna build. Amfanin wannan rabuwar shi ne, in abu ya cakuɗe, ka share build ɗin kawai ka sake, tushen bai taɓu ba.

Layin `CMAKE_INSTALL_PREFIX` shi na fi so ka riƙe. Idan ba ka faɗi wuri ba, za a girka laburaren a /usr/local, wanda sai da sudo, kuma ranar da ka so cire shi sai ka bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya. Da ka ce a ajiye shi a foldar fltk cikin gidanka, ba ruwanka da sudo, ba ka taɓa tsarin kwamfutar ba, kuma cirewa share folda ɗaya ce.

`FLTK_BUILD_TEST=OFF` yana hana gina ɗimbin ƙananan manhajojin gwaji da ke foldar test. Suna da amfani ƙwarai wajen koyo, har da wasan sudoku a ciki, amma ka bari sai ka ga komai ya tafi daidai, ka dawo ka kunna. Wayland kuma, wato sabon tsarin nuna tagogi da ke maye gurbin X11, na kashe shi ne don ya rage maka kunshin da za ka sauke. Ko da kwamfutarka a kan Wayland take, kamar yadda Ubuntu na yanzu yake zuwa, manhajar za ta buɗe ta hanyar XWayland. Mai son sa daga baya ya karanta README.Wayland.txt da ke cikin tushen, an jera kunshin da ake buƙata. In ka ci karo da tsohon bayani mai sunaye da suka fara da `OPTION_`, na jerin 1.3 ne, a 1.4 an mayar da su `FLTK_`.

Da CMake ya gama, kada ka yi saurin wucewa. A ƙasan rubutun yana kawo taƙaitaccen bayanin abin da ya samu da abin da ya kunna. Karanta shi. Ka tabbata ka ga Xft da Pango, wato laburaren tsara rubutu. Idan babu, girka kunshin da ya ɓace, sannan ka yi `rm -rf build` kafin ka maimaita umarnin. Dalili kuwa, CMake yana adana amsoshin bincikensa a fayil ɗin CMakeCache.txt, wasu ba ya sake tambayarsu, sai ya ci gaba da aiki da tsohon labari.

Harhaɗawa da girkawa

```
cmake --build build -j2
cmake --install build
```

Lambar da ke gaban `-j` ita ce yawan fayilolin da za a harhaɗa lokaci guda. Umarnin `nproc` zai gaya maka iya abin da furosesarka za ta ɗauka. Idan RAM ɗinka gigabait biyu ne ko huɗu, tsaya a biyu, ka rufe burauza. In ka ga kalmar `Killed` tare da `cc1plus`, ba kuskuren kod ba ne, wuri ne ya ƙare. Mayar da shi `-j1`.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko batir ya mutu, ba a koma farko. Sake buga umarnin nan, make zai duba abin da ya riga ya gama ya ɗora daga nan. Sai dai wani lokaci fayil ɗin da ake cikin rubutawa yakan tsaya rabi, ya jawo ƙorafin da ba ka gane kansa ba a wajen ɗaurewa. In haka ta faru, share build ka sake daga matakin CMake, ya fi sauri a kan neman wane fayil ne.

Bayan girkawa, leƙa `~/fltk`. A cikin include akwai foldar FL mai fayilolin kai, a lib akwai libfltk.a da 'yan'uwansa, a bin kuma akwai fltk-config da fluid. Sai ka sanar da taminal inda suke. Ƙara wannan layin a ƙarshen `~/.bashrc`, ka rufe taminal ka sake buɗewa:

```
export PATH=$HOME/fltk/bin:$PATH
```

Yanzu buga `which fltk-config` da `fltk-config --version`. Wannan gwajin na daƙiƙa biyar ne, amma rashinsa ya taɓa cinye mini dare guda. Na harhaɗa 1.4 lafiya, na manta cewa watanni baya na girka 1.3 ta apt. Duk abin da na rubuta na sabon salo sai g++ ya ce bai san shi ba. Na sake ginin sau uku, har na fara zargin laftof ɗin. Sai gab da asuba na buga `which`, ya nuna mini /usr/bin, wato tun farko tsohon ake kira. Ka tabbata naka yana nuna foldar gidanka, lambar kuma ta fara da 1.4.

Taga ta farko

Buɗe sabon fayil mai suna sannu.cxx, ka rubuta wannan da hannunka maimakon kwafa:

```
#include <FL/Fl.H>
#include <FL/Fl_Window.H>
#include <FL/Fl_Box.H>
#include <FL/Fl_Button.H>
#include <FL/fl_ask.H>

void amsa(Fl_Widget *, void *) {
  fl_message("Lafiya ƙalau, sai godiya.");
}

int main(int argc, char **argv) {
  Fl_Window *taga = new Fl_Window(360, 180, "Gaisuwa");
  Fl_Box *rubutu = new Fl_Box(20, 20, 320, 70, "Ɓera, ɗaki, ƙofa, ƴaƴa");
  rubutu->labelsize(22);
  Fl_Button *maballi = new Fl_Button(110, 110, 140, 40, "Ina kwana?");
  maballi->callback(amsa);
  taga->end();
  taga->show(argc, argv);
  return Fl::run();
}
```

Sannan:

```
fltk-config --compile sannu.cxx
./sannu
```

Taga za ta buɗe, faɗinta ɗigo 360, tsayinta 180, da rubutu a sama da maɓalli a ƙasa. Danna shi, ƙaramin akwati ya fito ya amsa maka gaisuwa. Lambobi huɗun da ke gaban kowane abu su ne nisa daga hagu, nisa daga sama, faɗi, da tsayi. Duk abin da ka ƙirƙira tsakanin buɗe tagar da `end()` cikinta yake shiga. `Fl::run()` kuma shi ke zaune yana jiran dannawa har a rufe taga ta ƙarshe.

Da gangan na zaɓi kalmomin nan huɗu, don mu gwada haruffanmu masu lanƙwasa, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar a inda mutanen Najeriya ke sa 'y. Tun fitowar 1.3.0 a 2011 FLTK yake aiki da UTF-8, tsarin adana haruffan kowane harshe a kwamfuta, saboda haka ya san su. In ka ga murabba'i a madadin ɗ ko ƙ, matsalar salon rubutun da ke kwamfutar ce. Girka `fonts-dejavu-core`, yana ɗauke da su duka. Ka kuma sani cewa kowane ɗayansu bait biyu yake ci. Kalmar ƙasa harafi huɗu ce a ido, amma `strlen` zai ce maka biyar. Ranar da za ka ƙidaya haruffan sunan mutum ko ka yanke shi, nemi `fl_utf_nb_char`, kada ka raba ƙ gida biyu. Mai son nuna ajami kuwa, Pango ɗin da muka kunna yana taimakawa wajen zana rubutu daga dama zuwa hagu, amma tallafin taƙaitacce ne. Idan manhajarka ta rubuta ajami ce gaba ɗaya, Qt ko GTK sun fi dacewa da ita.

Inda aka fi yin tuntuɓe

Idan g++ ya ce `FL/Fl.h: No such file or directory`, dubi harafin ƙarshe. Babban H ne, kuma Linux yana bambanta babba da ƙarami. Idan kuma ya zubo maka layuka masu `undefined reference`, yawanci jerin umarnin ne ya juye. Mai harhaɗawa da hannu ya sa laburare a bayan fayil ɗinsa, ba a gaba ba:

```
g++ $(fltk-config --cxxflags) sannu.cxx -o sannu $(fltk-config --ldflags)
```

In kana buɗe hotunan PNG ko JPEG, ƙara `--use-images` a cikin kiran fltk-config. Akwai kuma tarko biyu a rubutun da ke kan maɓalli ko akwati. Alamar @ tana da ma'ana ta musamman wurin FLTK, da ita ake zana kibiya da makamantanta, don haka adireshin imel zai fito a karye sai ka rubuta @@. Na biyu, `label()` ba ya kwafar rubutun da ka ba shi, yana riƙe adireshinsa ne kawai. Idan rubutun na ɗan lokaci ne, kamar wanda ka haɗa a cikin wani aiki da ya riga ya ƙare, za ka ga shirme a allo. Yi amfani da `copy_label()`.

Da aikinka ya wuce fayil ɗaya, koma wa CMake. Wannan ya isa a CMakeLists.txt:

```
cmake_minimum_required(VERSION 3.15)
project(sannu)
find_package(FLTK CONFIG REQUIRED)
add_executable(sannu sannu.cxx)
target_link_libraries(sannu PRIVATE fltk::fltk)
```

Wajen shiryawa sai ka ƙara `-D CMAKE_PREFIX_PATH=$HOME/fltk` don ya gano inda ka ajiye laburaren.

Ginin da muka yi yana cusa FLTK cikin manhajar kanta, kuma lasisinsa, wato LGPL mai ƙarin sassauci, ya yarda da hakan. Saboda haka in ka kai wa abokinka fayil ɗin sannu a filashi, ba sai ya girka FLTK ba, muddin Linux ɗinsa ya yi kusa da naka kuma yana da X11 da Xft da Pango. Buga `ldd sannu` ka ga jerin abin da manhajar take nema daga waje. Bayan haka rubuta `fluid` a taminal. Manhaja ce ta zana taga da linzami: ka ja maɓalli ka ajiye inda kake so, ka ba shi suna, ita kuma ta fitar maka da fayilolin .cxx da .h. Sake gina tagar gaisuwar nan a cikinta, ka buɗe kod ɗin da ta rubuta, ka ajiye shi gefe da gefe da naka ka kwatanta layi bayan layi.