Darasi na Tara: Sinadaran Jiki da Ƙarin Ƙwaƙwalwa Wanda Ba Ciwon Daji Ba

Da an ce wa mutum "an ga ƙari a kanka", sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka ciwon daji ne. Ba kullum ba. Da yawa daga cikin ƙarin da ke fitowa a cikin kai ba sa yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, kuma a hankali suke girma, wani sai ya yi shekaru bai motsa ba. Matsalarsu ita ce ƙoƙon kai ba ya buɗewa, don haka idan ƙari ya girma sai ya danne ƙwaƙwalwa ko jijiyar ido.

Jikinmu yana yin wasu sinadarai da likitoci ke kira homon. Suna bin jini kamar 'yan aike, su ne ke kawo balaga, su tsara jinin al'ada, su riƙe ciki, su kawo ruwan nono. Wasu daga cikinsu suna da hannu a girman irin wannan ƙari.

Ƙarin da aka fi samu sunansa maninjiyoma. Yana tsirowa ne daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ba daga ita ƙwaƙwalwar ba. Mata sun fi maza kamuwa da shi, kusan ninki biyu, kuma an fi ganinsa bayan shekara 40. Da aka bincika, an tarar yawancin wannan ƙari yana amsa wa furojestaron, sinadarin da ke ƙaruwa sosai a jikin mai juna biyu. Shi ya sa wata mace ƙarin yana nan shiru, sai ta yi ciki ya kumbura, bayan ta haihu kuma ya ɗan ja baya.

A nan ne maganar magunguna ta shigo, kuma a karanta ta da natsuwa. A 2024 masu bincike a Faransa sun gano cewa matan da suka yi shekara ɗaya ko fiye suna karɓar allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku, wato Depo-Provera, haɗarin wannan ƙari ya ƙaru gare su fiye da ninki biyar. Ninki biyar abu ne mai tayar da hankali a kunne. Amma ciwon tun asali ba shi da yawa, don haka mafi yawan masu allurar ba za su taɓa samunsa ba. Kada wata ta ji wannan a gidan biki ta daina allura da kanta, ciki a kan ciki ma haɗari ne babba. Abin yi shi ne ta koma asibiti, ta faɗi tsawon lokacin da ta ɗauka tana karɓa, a duba ko za a canza mata wata hanya. Wadda aka riga aka gano tana da maninjiyoma kuwa, lallai ta sanar da likita kafin ta sha ko a yi mata allurar kowane maganin homon.

Akwai ƙari na biyu, mai fitowa a wata 'yar tsoka ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari. Shi wannan da kansa yake zubo sinadarin ruwan nono fiye da kima. Mace sai ta ga nono na zuba alhali ba ta shayarwa, al'ada ta ɗauke, haihuwa ta ƙi samuwa. Namiji kuma ƙarfinsa na aure ya ragu. Sau da yawa a kan ce sammu ne ko iska, a yi ta yawon magani, alhali gwajin jini na nuna shi, kuma ƙwayoyi irin su kabagolin kan rage girmansa ba tare da tiyata ba.

Ciwon kai na yau da kullum ba alamar ƙari ba ne, zazzaɓin cizon sauro da hawan jini sun fi kawo shi. Wanda za a gaggauta kai wa asibiti shi ne ciwon kan da ke ƙaruwa mako bayan mako, mai tsanani da asuba, tare da amai, ko gani ya ragu ta gefen ido, ko farfaɗiya ta fara kama babban mutum, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya su rasa ƙarfi. A Kaduna ana iya farawa daga asibitin unguwa, su tura mutum Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Idan ido ne ya fara damu, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Hoton kai na MRI ko CT shi ke tabbatar da ƙarin. Ƙarami wanda ba ya damun mutum, sau da yawa sa ido kawai ake yi, ana maimaita hoton.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunayen magungunan da yake sha ko allurar da ake yi masa, da watan da ya fara, a takarda ɗaya da zai riƙa tafiya da ita asibiti. Sannan a rubuta alamomi uku da za su sa a kai mai ciwon kai wurin likita. Malama za ta duba a aji na gaba.