Yadda Ake Ɗaura Fankar Silin a Gida

Fankar silin nauyi ce da ke juyawa a saman kawunan mutane na tsawon sa'o'i, sau da yawa suna barci, saboda haka abin da ya fi muhimmanci a aikin ɗaura ta shi ne abin da zai riƙe ta, kafin ma a zo maganar wayoyi. Fanka mai inci 56 takan kai kilo biyar zuwa takwas, amma idan ta fara juyawa, jijjiga da murɗawar injinta suna ƙara wa ƙugiya wahala fiye da wannan nauyi. Wannan ne ya sa masana'antu ke rubutawa a takardar bayani cewa wurin da za a rataye fanka ya iya ɗaukar aƙalla ninki huɗu na nauyinta, wasu ma har ninki goma suke nema.

Tun a shago ake fara aikin. Girman fanka ana auna shi ne daga bakin fiffike zuwa bakin na ɗaya ɓangaren, kuma waɗanda aka fi samu su ne inci 36, inci 48 da inci 56, wato milimita 900, 1200 da 1400. Ɗaki mai ƙafa 10 a kan ƙafa 10 inci 48 ta ishe shi, mai ƙafa 12 a kan 12 ko fiye yana son inci 56, falo mai tsawo kuwa ya fi dacewa da fanka biyu a kan guda ɗaya babba. Fankar da aka saba da ita tana cin wajen wat 70 zuwa 75, sababbin nan masu injin BLDC, wani irin inji mai cin wuta kaɗan, kuma wajen wat 30. Lissafin yana da sauƙi: mai wat 75 da ta yi sa'a 10 kullum za ta ci yunit 22.5 a kwana 30, mai wat 30 kuwa yunit 9. Ga wanda ke kan sola ko inbata, wannan bambanci shi ne zai nuna ko batir zai kai asuba. A duba kuma an rubuta 220 zuwa 240 bolt, da 50Hz, domin shi ne ƙarfin wutar Najeriya da Nijar da Ghana. Fankar da aka ƙera don Amurka ta bolt 120 ce, kuma za ta ƙone idan aka haɗa ta kai tsaye.

Kayan aikin ba su da yawa: tsani mai ƙafa huɗu, testa, sukundireba mai baki ɗaya da mai tauraro, filaya, sifana, tef ɗin wuta, abin awo, da mutum na biyu. Wannan na ƙarshen ba a yi sai da shi, domin ba zai yiwu mutum ɗaya ya riƙe injin da hannu ɗaya, ya zura noti da ɗayan, kuma ya kula da tsayuwarsa a kan tsani ba. Ɗora kujera a kan tebur, kamar yadda ake yawan yi, hanya ce ta karaya.

Wurin da za a rataye ta shi ne tsakiyar ɗaki, ko saman inda aka fi zama ko kwanciya. Fukafukan su kasance aƙalla mita 2.3 daga ƙasa, da tazarar kimanin santimita 30 tsakaninsu da silin domin fanka ta sami iskar da za ta jawo, sannan bakin fiffike ya nisanci bango ko kwaba da aƙalla rabin mita. Idan silin ya yi ƙasa, a sayi gajeriyar sandar rataye fanka, idan kuma ya yi tsawo sosai, a sayi doguwa, domin fankar da ta yi nisa da mutane iskarta ba ta isowa. Kada a sa ta a ƙarƙashin ƙwan fitila, saboda fukafukan za su riƙa yanka hasken, ɗaki ya riƙa walƙiya mai gajiyar da ido. Ɗakin yara mai gado mai hawa biyu kuwa, gara a haƙura da fankar silin a sa ta bango.

Maganar ƙugiya ta danganta da irin rufin. A gidan da aka yi wa dekin, magina sukan bar ƙugiyar rodi a cikin kankare tun lokacin zuba shi, kuma ita ce mafi aminci, muddin rodin mai kauri ne, kamar milimita 10 ko 12, kuma tsatsa ba ta ci shi ba. Idan ba a bar ta ba, sai a huda kankaren a kafa ƙugiya mai faranti da notin ƙarfe masu buɗewa a cikin rami. Fulogin roba da ake rataye hoto da shi bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan, domin jijjiga tana zare shi sannu a hankali. A gidan kwano kuwa, silin ɗin da ake gani, ko na POP ne, ko na PVC, ko na falanki, ado ne kawai, ba ya ɗaukar nauyi, haka ma siraran katakan da aka buga shi a jikinsu. Dole ne a hau cikin rufin a gitta katako mai ƙarfi, kamar inci 2 a kan 4 ko 2 a kan 6, a kan manyan katakan rufi guda biyu, a ɗaure shi da kyau, sannan a huda shi a zura ƙugiya mai zare, a sa wosha mai faɗi da noti biyu ta sama. Ƙusar da aka lanƙwasa ko wayar ɗaurin rodi ba ƙugiya ba ce, ko da an ga ta yi shekaru a wani gida ba ta tsinke ba. A soka wa katakon sukundireba a wurare da dama, domin gara takan cinye cikinsa ta bar bayansa lafiya lau. A soron ƙasa mai azara, a nemo azara mai lafiya a zagaye ta da mariƙin ƙarfe, kuma idan rufin yana yoyo da damina, a gyara yoyon tukuna. Ko wane irin rufi ne, bayan an kafa ƙugiya a ja ta ƙasa da ƙarfi, a kuma girgiza ta gefe da gefe. Idan ta motsa ko kaɗan, ba a gama ba.

Kafin a taɓa kowace waya sai an kashe wuta daga babban makunnin gida, ko a cire fis ɗin layin. Kashe makunnin bango bai isa ba, domin a gidaje da dama an yi wayarin a juye, makunnin yana katse wayar nutural ne, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, wayar da ke silin kuma tana nan da wutarta ko da fitila a kashe take. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne dogaro da cewa an ɗauke wuta. Mai aiki yakan ga babu NEPA ya hau tsani hankali kwance, alhali babu wanda zai sanar da shi lokacin da za a dawo da ita. Haka nan a kashe inbata, a tabbatar babu wanda zai tayar da janareta, a kuma gaya wa mutanen gida cewa kada kowa ya taɓa akwatin wuta sai an sauko. Tun kafin a kashe wutar, a gwada testa a wurin da aka san akwai wuta, don a tabbatar tana aiki, sannan bayan an kashe a gwada kowace waya da ke silin ɗin.

Ana haɗa fanka ne a ƙasa, a kan tabarma ko kwali don kada fentinta ya goge. A zura kofunan rufi biyu a jikin sanda, na sama bakinsa yana kallon sama, na ƙasa yana kallon ƙasa, sannan a bi da wayoyi ta cikin sandar. A shigar da ƙarshen sandar a kan injin, a daidaita ramukan, a zura dogon noti, a sa wosha, a ɗaure, sannan a sa ɗan fil ɗin nan mai ƙafa biyu a ware ƙafafunsa. Wannan fil ƙarami ne, kuma shi aka fi yarwa tare da leda, amma shi ne ke hana noti kwancewa idan jijjiga ta sassauta shi. A saman sandar akwai roba mai kauri wadda ke zama a cikin ƙugiya tana shanye jijjiga da ƙara. Ita ma notinta yana da nasa fil ɗin. Kada a sa fukafukai tukuna.

Sai mataimaki ya miƙa injin, a zaunar da robar a cikin ƙugiya, a ɗaure notinta, a sa fil. Idan fankar ta zo da siririyar igiyar ƙarfe ta kariya, a ɗaure ta a ƙugiyar ko a jikin katakon, domin ita ce za ta riƙe injin idan noti ya karye.

Haɗa wayoyin ba shi da wuya idan an fahimci hanyar da wuta ke bi. Tana tasowa daga akwatin wuta ta waya mai wuta, ta shiga makunni, ta wuce regileta, wato abin rage gudun fanka ko ƙara shi, ta hau zuwa fanka, sannan ta koma ta nutural. Ke nan makunni da regileta duka a kan waya mai wuta suke, ɗaya bayan ɗaya, nutural kuma tana tafiya kai tsaye zuwa fanka. A tsohon tsarin launi, wanda har yanzu ya fi yawa a gidajenmu, ja ita ce mai wuta, baƙa nutural, koriya kuma wayar ƙasa, wato ta kariya daga jan wuta. A sabon tsari, ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya nutural, mai ratsin kore da rawaya wayar ƙasa. Launi dai alama ce kawai, domin wasu masu wayarin da abin da ya rage a hannunsu suke ƙarasa aiki, don haka gwaji ne ke tabbatarwa. Waya mai girman 1.5mm² ta isa. A fere kimanin santimita ɗaya, a murɗa zaren tagullar, a sa a mahaɗin da ke saman injin a ɗaure sukurunsa, sannan a ɗan ja wayar a gani ko ta kama. Murɗa waya biyu a naɗe da tef kawai yakan sassauta, wurin ya riƙa zafi, kuma a cikin rufin katako wannan mafarin gobara ne. Wayar ƙasa ana ɗaure ta a sukurun da ke jikin ƙarfen fankar. Kafasito, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa injin ya tashi, yakan zo a haɗe daga masana'anta, don haka kada a taɓa wayoyinsa.

Game da regileta, abin rage hasken fitila ba ya maye gurbinta, domin yana sa injin gurnani da zafi. Mai matakai, wadda ke aiki da kafasito a ciki, ta fi tsohuwar mai babban akwati da ke ɗaukar zafi. Fankar BLDC mai rimot kuwa ba a haɗa ta da regileta sam, makunni kawai take buƙata.

Fukafukai su ne na ƙarshe. Masana'anta tana haɗa su saiti guda masu nauyi daidai, saboda haka idan fanka biyu ake ɗaurawa kada a cakuɗa su. A sa kowane da woshar da ya zo da ita, a fara ɗaure sukurori sama-sama, sai an sa duka sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙarasa. Kada a riƙe fiffike a ja injin da shi, domin ɗan lanƙwasa kaɗan ya isa ya sa fanka rawa. A tura kofin sama ya rufe ƙugiya ba tare da ya manne da silin ba, na ƙasa kuma a bar masa 'yar tazara don kada ya riƙa gogar injin.

Bayan an sauko an janye tsani, sai a mayar da wuta a kunna daga mataki mafi ƙanƙanta, a riƙa ƙarawa ana saurare. Idan an tsaya a ƙasa ana kallonta, yawancin fankoki suna juyawa ne saɓanin hannun agogo, kuma iska tana saukowa. Idan tana juyawa amma iska ba ta zuwa, ko dai an kifa fukafukan, ko an juya wayoyin kafasito. Idan tana gurnani ba ta tashi sai an tura ta, ko tana tafiya a hankali alhali wuta na da ƙarfi, yawanci kafasito ne ya yi rauni, kuma ana canja shi da mai lamba daidai da ta tsohon, wadda a irin waɗannan fankoki takan kasance wajen 2.5. Idan rawa take, a kashe, a sake bin sukurori, sannan a auna daga bakin kowane fiffike zuwa silin a wuri guda. Wanda awonsa ya bambanta shi ne mai matsalar. Idan kuwa fis ya tsinke, ko an ji ƙaurin waya, ko an tarar da wayoyi da yawa a silin ba a san inda kowace ta nufa ba, a kashe wuta a kira ƙwararren mai gyaran wuta, haka ma idan aikin na buƙatar jawo sabon layi daga akwati.

Bayan mako ɗaya ko biyu ana amfani da ita, a kashe babban makunni a sake hawa a duba notin ƙugiya da sukurorin fukafukai, domin a kwanakin farko ne suka fi sassautawa. Daga nan a riƙa dubawa sau ɗaya a shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, kafin zafin bazara ya shigo fanka ta koma aiki dare da rana. A lokacin ne ƙura ta taru a saman fukafukai, tana rage iska tana kuma ɓata daidaiton nauyinsu, sai a goge ta da tsumma mai ɗan laima, ana tallafe fiffiken da ɗaya hannun don kada ya lanƙwashe.