Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura sitata a motar dizal

Injin dizal yana matse iska fiye da injin fetur nesa ba kusa ba, shi ya sa sitatarsa take jan ɗaruruwan amfiya na wuta a duk lokacin da aka murɗa makulli. Saboda haka ƙaramin sakacin da zai wuce lami lafiya a motar fetur yana iya ƙona sabuwar sitata a babbar mota ko ƙaramar motar kaya.

Kuskure mafi haɗari shi ne fara aiki ba a cire wayar batir ba. Babbar wayar da ke zuwa sitata tana ɗauke da wuta ko da an zare makulli, kuma da zarar sufana ta haɗa ta da jikin mota, tartsatsin da zai tashi ya isa ya narkar da ƙarfe ya ƙona hannu. A fara cire wayar nagetif, wato wadda ke kan batir a wajen alamar (-), kuma ita za a mayar a ƙarshe.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora wa sitata laifin da ba nata ba. Sau da yawa tsohuwar ba ta mutu ba, batir ne ya yi sanyi, ko kan wayar ya yi tsatsa, ko kuma wayar as, wato wadda wuta take bi ta koma batir, da ke tsakanin inji da shasi ta yi sako-sako. Idan aka ɗaura sabuwa a kan wannan matsala, za ta riƙa juyawa a hankali tana ɗaukar zafi har ta ƙone. Kafin a kwance komai a auna batir, a goge kawunan wayoyi har su yi ƙyalli, sannan idan an ciro sitatar a kankare datti da fenti daga inda take zama, domin ta jikinta ne wuta take komawa batir.

Kamanni kuma ba ya isa hujja wajen zaɓen sabuwa. Ƙananan motocin kaya galibi volt 12 suke amfani da shi, manyan motoci da yawa kuma volt 24, ta hanyar haɗa batir biyu a jere. A ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, a ƙirga haƙoran ƙaramin giyar da ke bakin kowacce, a duba ramukan notuna. Tun da ramin da aka ciro tsohuwar yana buɗe, a haska fitila a duba haƙoran fulawil, wato babban faifan ƙarfen inji da giyar sitata take juyawa, domin idan sun cinye za su lalata giyar sabuwar sitata, a riƙa jin ƙarar gurzawa.

Wajen ɗaurawa, a tallafi nauyinta, a fara shigar da dukkan notunan da hannu kafin a matse ko ɗaya, don kada ta zauna a karkace. Notin da ke riƙe babbar waya a kan salanoid, wato ƙaramar na'urar da ke jikin sitata mai jona mata wuta, kuwa ba ya son ƙarfi, matsewa fiye da kima tana fasa murfinsa.

Idan an gama kuma injin ya ƙi tashi, kada a danne makulli ana ta juyi. A tsaya bayan kamar daƙiƙa 15, a bar sitatar ta huce na minti biyu, sannan a duba ko iska ce ta shiga layin mai, a fitar da ita kafin a sake gwadawa.